ƊAN DA BA A ƘIRGA BA

Shafi na 23

Na ga saƙonninku jama'a. Ummulkhairi ta Garam, ke da kika ce idan na bari aka saka Abdulbasit a motar nan za ki zo har gida ki same ni, ƙofata a buɗe take, ki taho mini da ƙosai. Ba ni na kama shi ba, labari kawai nake bayarwa. Shafin yau naki ne, amma ki nemi wuri ki zauna kafin ki fara.

*

Kwana biyu ke nan da kama Abdulbasit a garejinsu na Madalla, kwana biyu kuma Maiturare ba ta sa garwashi a kasko ba. Duk wanda ya san gidan hayar Malam Almu a Kwamba da ƙamshi ya san shi tun daga bakin lungu, don matar nan da ta gudo daga Chadi da 'ya'yanta shekara biyar da suka wuce ba ta da sana'ar da ta wuce turaren wuta da humra. Safiyar Alhamis ɗin nan kuwa babu abin da ke tashi a tsakar gidan sai warin kwata.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta, katinta na 'yar gudun hijira a kan cinya. 'Yan matanta biyu, Rabi'a da Jannatu, suna bakin rijiya sun tasa wanki a gaba ba su taɓa ba.

Barista Bara'atu ta fito daga ɗakin ƙarshe da fayil a hammata. Bazazzagiya ce, a Abuja take aiki, a nan take haya kamar kowa. Tun ranar da aka yi kamen ba ta je ofishinta ba.

"Inna, ina kwana."

"Barista. Kin gan shi?"

"Na gan shi jiya da la'asar."

"Ya ci abinci?"

"Ya ci."

Ƙarya ta yi, ko loma bai kai baki ba. Ta jawo turmi ta kifa ta zauna, ta ɗora fayil ɗin a gwiwa.

"Inna, zan yi miki tambaya. Ki ba ni amsa yadda kika ba mutanen ofis ranar da aka yi muku rajista. 'Ya'yanki nawa?"

Maiturare ta sunkuyar da kai. Ta ɗan juya haɓa wajen rijiya.

"Ga su nan."

"Su nawa?"

"Ai kin gan su."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Barista ta faɗa a hankali. "Wallahi abin da na yi tsoro ke nan."

Ta buɗe fayil ɗin ta zaro takarda ɗaya, kwafin da ta karɓo a Abuja jiya. Ta nuna wani layi da yatsa, duk da ta san matar ba ta karanta boko.

"Nan an rubuta sunanki. Nan an rubuta yara biyu, mata, Rabi'a da Jannatu. Nan ƙasa ga dangwalenki. Babu Abdulbasit, Inna. Ko sau ɗaya sunansa bai fito ba."

"Yaya za a yi babu shi? Tare muka zo. Shi ya goyo Jannatu muka haye ruwa."

"Na sani."

"Kwafin katina yana aljihunsa kullum."

"Shekara biyar yana nuna wa 'yan sanda a hanya, su ga hatimi su ce wuce. Wannan karon samamen baƙi marasa takarda aka yi, sai da aka aika aka duba fayil. Lambarki ta fito, yara biyu mata suka fito. Sai suka ce katin wata ya samu yake yawo da shi."

Maiturare ta damƙe katin har gefensa ya lanƙwashe.

"Amma ke kika ce mini doka ta hana a mayar da mu."

"Ta hana. Wanda ya gudo daga zalunci aka karɓe shi, ba a mayar da shi hannun waɗanda ya guje wa. Ko gwamna bai isa ba. Kina ciki, yaran nan suna ciki. Shi kuwa a wurinsu baƙo ne kawai da ya shigo ba izini. Na rubuta masa sabuwar takardar neman mafaka, amma kwamitin da ke duba irinta sai wata mai kamawa zai zauna, motar da za ta kwashe waɗanda aka kama kuwa gobe Juma'a da safe za ta tashi zuwa iyaka. Daga can sai miƙawa hannu da hannu har garin da kuka baro."

Rabi'a ta saki gugan da ke hannunta ya faɗa rijiya da igiyarsa. Babu wanda ya waiwaya.

Ba sai an faɗa wa Maiturare abin da ke jiransa a can ba. Mutanen da suka zo da rana tsaka suka fitar da mijinta daga gida, ba a sake ganinsa ba, Abdulbasit ne ya buɗe musu ƙofa. Ya ga fuskokinsu, biyu daga ciki ma ya san su da suna. Har yau suna nan, an ce ɗayan ƙarin girma ya samu.

To bari in tsaya in yi wa 'yan yanzu bayani, ku da kuke rungume ɗan fari a gaban surukai kuna kiran sunansa har da waƙa. A zamanin su Maiturare ba haka ake ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan aka tambaye ta 'ya'yanta nawa ba ta sa shi a lissafi. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Ana yaye Abdulbasit kakarsa ta ɗauke shi. Ya tashi yana ce wa uwarsa Yaya, ita kuma in ta matsu sai ta ce "yayan su Rabi'a". Shekararsa ashirin da biyu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ni dai har ga Allah abin yana ba ni haushi, amma ban isa in ce ba ta son shi ba, don na san tsokar da ta fi kowace girma a miya kwanonsa take tafiya.

"Ni ban yi ƙarya ba," in ji Maiturare. "Namiji ne baƙo ya tambaye ni a cikin mutane. Me zan ce? Kowa ya san ba a ƙirga na fari. Na ɗauka za su ƙara shi da kansu."

"Mutumin ɗan Kudu ne, Inna, ina zai sani? Amma akwai wanda ya sani."

Barista ta juya takardar, ta nuna wani sa hannu mai ƙawa, an ja masa jela har ƙasan layi.

"Wa ya yi miki tafinta ranar?"

Kafin ta amsa sai ga sallama daga zaure. Malam Almu ne mai gidan, ya dawo daga majalisa da rediyonsa a kunne. Tsohon masinja ne, ya yi shekara talatin yana kai takardu a sakatariya, kuma kaf Kwamba Almu Mai Turanci ake ce masa. Wasiƙa in ta zo shi ake kai wa, takardar asibiti shi, ko da zai juya ta sau uku kafin ya ce likita ya ce a dage da addu'a.

"A'a, Barista, gud monin. Yaya maganar yaron namu?"

"Baba, zo ka ga wani abu."

Yana hango takardar tafiyarsa ta canza. Ya rage muryar rediyo.

"Wannan sa hannunka ne?"

"Ya yi kama da shi."

"Naka ne ko ba naka ba?"

"Nawa ne. Ni na kai su, saboda Allah. Ko kwana bakwai ba su yi a gidan nan ba na ce su zo a yi musu takarda. A tambayi kowa."

"Babu mai musun wannan. Ranar ina Abdulbasit yake?"

Malam Almu ya gyara hula.

"An daɗe, Barista."

"Yana waje," in ji Maiturare. "A gindin dalbejiya, yana gadin ƙullin kayanmu. Kai ka ce ya tsaya a can, Malam."

"To, ƙila haka ne."

"Baba," Barista ta miƙe tsaye, "kai Bahaushe ne, ka haifa, matarka ta haifa. Da ta ce 'ga su nan', ka san akwai wanda ba ta ƙirga ba ko ba ka sani ba?"

Rediyo na ta surutunsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, gobe za a saka shi a mota."

"Na sani!" ya faɗa da ƙarfi, sai kuma muryar ta karye. "Na san da shi. Wallahi na sani."

Maiturare ta ɗago kai, karo na farko tun shigowarsa.

"Mutumin ya tambaya da Turanci, na juya mata. Ta ba da amsa. Na buɗe baki zan ce masa akwai babba a waje, al'ada ce ta hana ta faɗa. Sai na nemi Turancin na rasa. Barista, Turancina na kai takarda daga tebur zuwa tebur ne. Yes sa, no sa, kam tumoro. Wannan dogon bayani ba ni da shi. Ga ofis cike da mutane, har da 'yan unguwar nan biyu da suka raka wani, suna kallona, sun san ni da Mai Turanci. Mutumin yana ta buga biro a tebur. Sai na ce masa tu, sa, wato biyu."

"Tu, sa," Barista ta maimaita.

"Na ce a raina gobe sai in dawo a gyara."

"Shekara biyar, Baba. Gobe nawa aka yi a ciki?"

"Da na ga yaron yana yawonsa lafiya, ba mai tare shi..."

"Kullum da safe yana durƙusa maka," in ji Maiturare. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Kekenka shi yake gyarawa. Da ka yi ciwon ƙafa shi ya goya ka zuwa bakin titi. Kana kallonsa ka san ba shi a takarda."

"Maiturare, ki yi mini rai..."

"Don kada mutum biyu su yi maka dariya."

Malam Almu ya rasa inda zai sa idonsa. Ita kuwa ta mayar da kallonta kan katin.

"Amma me zan ce maka? Kai kunyar mutum biyu ka ji. Ni na haife shi, aka tambaye ni, na bar shi a waje da ƙullin kaya."

Nan hawayen da ta riƙe kwana biyu suka zubo. Jannatu ta taso za ta zo wurinta, Barista ta ɗaga mata hannu.

"Kuka sai an dawo, Inna. Akwai hanya ɗaya, ku saurare ni ku biyun. Shugaban wurin da ake tsare da su, Oga Vincent, ya yarda zai gan mu ƙarfe biyu. Lokacin da kuka shigo ƙasar nan Abdulbasit bai cika sha takwas ba, don haka a doka inuwarki ta rufe shi. Idan kika tsaya gaban Oga Vincent kika faɗa da bakinki cewa ɗanki ne, kika kira sunansa, shi ma ya amsa, zai cire shi daga jerin 'yan mota har kwamiti ya zauna."

"Da bakina?"

"Da bakinki. Ba yayan su Rabi'a ba, ba wancan ba. Sunansa."

Maiturare ta runtse ido.

"Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari. Kina faɗa, fayil ɗinki zai koma gaban kwamiti, don abin da kika ce yau ya saɓa wa abin da kika dangwala. Idan tafinta ya zo ya rantse kuskuren nasa ne, magana ta yi sauƙi. Idan bai zo ba, suna iya cewa ƙarya kika yi musu, ko can ko yanzu. Wanda aka samu da ƙarya kuwa ana iya soke katinsa. Naki da na yaran nan duka."

Duk suka juya suka kalli Malam Almu.

"Ni? In je in ce na yi... Barista, ba ɗaure ni za su yi ba?"

"Ba na jin za a ɗaure ka. Faɗa za a yi maka, a rubuta."

"A rubuta cewa ba na jin Turanci."

"A rubuta gaskiya, Baba."

Ya daɗe yana murza kan rediyo. Can ya yi ajiyar zuciya.

"To. Rai ya fi komai. Bari in sako babbar riga, ba a zuwa gaban hukuma haka."

Ya shige sashensa. Maiturare ta shiga ta ɗauko mayafi, ta ɗaure katin a bakin zane. Suka tsaya a zaure suna jira. Aka yi minti goma, aka yi ashirin. Barista ta duba agogo, ta koma ciki ta yi sallama a ƙofarsa sau uku, sannan ta ɗaga labule.

Rediyon na kan tabarma yana magana shi kaɗai. Babbar rigar na rataye a ƙusa. Ƙofar baya da ke fita lungu a buɗe take, keken da ke jingine a wurin kullum babu shi.

Allah ya isa, Malam Almu. Ni na faɗa, ba Maiturare ba.

Barista ta dawo zaure, fuskarta kawai ta isa bayani.

"Inna, yanzu haɗarin ya ƙaru. Sai ki sake tunani, ba zan ga laifinki ba."

Maiturare ta waiwaya ta kalli 'yan matan. Rabi'a ce ta yi magana, idonta jajur.

"Ammi, ki je. Idan an soke a soke."

Maiturare ta sa takalmi ta yi gaba.

*

A tasi suka zauna baya su biyu. Da suka iso Madalla direba ya rage gudu saboda cunkoso, daidai garejin. Wata tsohuwar fijo na nan a ɗage kan duwatsu, ƙafa ɗaya a cire, yadda ya bar ta ranar Talata. Maiturare ta kawar da kai.

"Inna, faɗi sunan in ji."

"Idan mun je zan faɗa."

"Ki gwada yanzu. Ni kaɗai ce."

Ta buɗe baki. Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ba ya fita, Barista. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan ban taɓa kira ba. Ji nake kamar an ce in tuɓe a kasuwa."

"Dole ya fita."

Suka wuce Dutsen Zuma. Sannan Barista ta ce,

"Akwai abin da ban faɗa miki ba. Jiya ya yi mini tambaya biyu."

"Me ya ce?"

"Da na ce masa babu sunansa a fayil, bai yi mamaki ba. Dariya ma ya yi, irin wadda ba ta da daɗi. Ya ce, 'Barista, mantawa aka yi da ni, ko tambayarta aka yi ba ta ƙirga ni ba?'"

Maiturare ta dafe ƙirji.

"Me kika ce masa?"

"Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce shi ya sani."

"Ta biyun fa?"

"Ya ce idan kika zo kika ce shi ɗanki ne, me zai sami katinki da na ƙannensa. Na so in ɓoye, amma ya tsare ni da ido. Na faɗa masa yadda na faɗa miki, cewa idan tafinta ya zo da sauƙi, idan bai zo ba ana iya soke na kowa."

"Don me kika faɗa masa?"

"Rayuwarsa ce, Inna. Ba na yi wa wanda nake karewa ƙarya."

"Ɗazu kin yi mini. Kin ce ya ci abinci, a fuskarki na ga ba haka ba ne."

Barista ta juya tana kallon titi.

*

Ofishin Oga Vincent ƙarami ne, fanka ɗaya na juyawa a sama ba ta kawo iska. Ta taga ana hango wata doguwar mota a fake a tsakar fili, wani yana duba tayoyinta. Mutumin ƙato ne mai furfura a gefen kai, ya nuna musu benci.

"Madam, zauna. Barista ya gaya mini komai." Hausarsa a karkace take amma ana ganewa. "Ni na yi shekara goma sha biyu a Arewa, na san wannan abu na kunya. Amma ni takarda nake bi. Na ga mutum da yawa, in an kama shi sai ya kawo wani mata ya ce mama nasa ne. So I must hear am from your mouth, sai na ji daga baki naki. Ina tafinta?"

"Bai samu zuwa ba, ranka ya daɗe," in ji Barista.

Oga Vincent ya ɗaga gira, ya rubuta wani abu. Sannan ya ƙwala kira a kawo mutumin Madalla.

Aka shigo da shi. Rigar aikinsa ce a jikinsa har yanzu, da baƙin mai a gaba, ƙafa ba takalmi. Kwana biyu kawai amma idanunsa sun faɗa. Yana ganinta ya durƙusa yadda ya saba.

"Yaya, ina wuni."

"Ehen!" Oga Vincent ya nuna shi da biro. "Yaya ya ce. Yaya ba sista ba ne?"

"Haka ɗan fari ke kiran mahaifiyarsa a wurinsu, ranka ya daɗe. Duk cikin al'adar ne."

Abdulbasit bai saurari wannan ba. Bayansu yake kallo, wajen ƙofa. Ya kalli ƙofar, ya kalli bencin, ya sake kallon ƙofar.

"Barista, Baba Almu fa?"

Barista ta sunkuyar da kai.

"Yana waje?"

"Bai zo ba, Abdulbasit."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu.

"Oya, Madam," in ji Oga Vincent. "Wanene wannan a wurinki? Faɗi suna."

Maiturare ta miƙe. Ta dafa tebur. Ga baƙon namiji, ga mai gadi a ƙofa, ga wani magatakarda da ya daina buga tafireta yana kallonta. Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Madam, ina da aiki da yawa."

A waje aka tayar da injin doguwar motar don gwaji. Ƙarar ta shigo ta taga ta cika ɗakin.

"Abdulbasit."

Da ƙyar aka ji. Ta ja numfashi, ta saki mayafin da take rufe baki da shi.

"Sunansa Abdulbasit. Abdulbasit Haruna." Har da sunan mijin da shi ma ba ta taɓa kira ba. "Ɗana ne. Ni na haife shi, ranar Talata da hantsi, a ɗakin uwata, na kwana biyu ina naƙudarsa. Shi ne na fari. Yana da tabo a bayan kunnen hagu, faɗuwa ya yi daga kan jaki, ina leƙe ta taga ban iya fita na ɗauke shi ba saboda surukata na tsakar gida. 'Ya'yana uku ne, ranka ya daɗe. Uku. Ku rubuta uku. Abdulbasit, da Rabi'a, da Jannatu. Abdulbasit ne na fari."

Sunan da ya ƙi fita shekara ashirin da biyu, yanzu ta kasa daina faɗarsa. Barista na share ido da bayan hannu. Magatakarda ya sunkuyar da kai.

Shi kuwa yana durƙushe, ido a rufe, hawaye na bin kumatunsa suna ɗiga kan baƙin man rigar. Tun yana yaro yake jiran ya ji wannan, yau ya ji shi a ofishin da ake tsare da shi. Wallahi na tausaya masa.

Oga Vincent ya yi gyaran murya. Ya jawo wata doguwar takarda mai jerin sunaye, ya ɗora biro a kan layi na goma sha ɗaya.

"To. Young man, saura kai. Ka ce e, in cire sunanka daga mota yanzu, in tura fayil na Madam zuwa kwamiti su sake dubawa daga farko. Abin da za su yi da kati nata, ba hannuna. Ka gane?"

"Na gane."

"Wannan mata, mama naka ne?"

Abdulbasit ya buɗe ido. Ya kalli bakin zanenta inda katin ke ɗaure. Ya kalli ƙofar da Malam Almu bai shigo ta cikinta ba. Sannan ya miƙe tsaye, ya goge fuska da hannun riga, ya kai hannayensa baya ya riƙe.

"Abdulbasit," Barista ta ce da sauri, "ka yi tunani kafin..."

"Ranka ya daɗe, a gidan haya ɗaya muke. Mutuniyar kirki ce, tausayina ta ji."

"Abdulbasit!" Maiturare ta ƙwala ihu, ta kamo rigarsa.

Bai kalle ta ba. A hankali ya zare rigar daga hannunta, yatsa bayan yatsa.

"Matar nan 'ya'ya biyu gare ta, ranka ya daɗe. Haka ta faɗa, haka aka rubuta."